Yadda Muka Saki Ruwan Baba Yohanna

Tun da muka dawo daga Tungan Zalɓe ban samu sakat a shagona ba. Mutum zai shigo kamar bokiti zai saya, ya ɗaga wannan ya ƙwanƙwasa wancan, can sai ya sassauta murya ya ce, "Wai Sabo, me ya faru ne a can? Don me Ciyaman ya goge hotunan da ya turo?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowa na ƙara wa labarin gishiri, har an fara cewa kada ne ya kama Ciyaman. Babu wani kada. Ga yadda aka yi, kowa ya karanta ya bar ni in yi cinikina.

Mu 'yan ƙungiyar sa kai ne ta unguwarmu a nan Kontagora, kuma aikinmu ɗaya ne: yasar kwata. Duk Asabar da sassafe, kafin mutane su tashi, mun shiga da shebur mun fito da leda da robar ruwa da takalmin da ya rasa ɗan'uwansa. Babu abin da muka tsana kamar ruwa a tsaye. Shugabanmu Alhaji Ɗanlami, wanda kowa ke kira Ciyaman, mutum ne da Allah ya ba jiki da murya, kuma yakan ce ruwan da ya kwana wuri ɗaya ba shi da tarbiyya. Ko a buta ya ga ruwa ya daɗe sai ya zubar.

Malama Rifkatu malamar firamare ce a Tungan Zalɓe, can bayan Nasko, kuma a wurina take sayen robobi in ta shigo gari. Wata Asabar ta same mu tsamo-tsamo cikin kwata, ta tsaya tana kallo, ta ce ai irinmu suke nema. Suna da aikin gayya a fadamar garinsu, hannu ya yi musu kaɗan, ga damina ta kawo kai. Na haɗa ta da Ciyaman. Ta fara bayani ke nan, "Alhaji, abin da muke so shi ne ruwan ya..." sai ya ɗaga mata hannu.

"Malama, tsaya nan. Ruwa kika ce? Mu za a yi wa bayanin ruwa? Ki je ki ce muna tafe."

To ga abin da ba mu bari ta faɗa ba. Gara ku ku sani tun yanzu, tun da mu ba mu sani ba sai da aikin gama ya gama. Fadamar tasu a da tana riƙe ruwa har tsakiyar rani, tsuntsaye kuwa ba a magana. Sai zaizaya ta yanka kwazazzabo a gindinta, ruwa ya daina zama, tsuntsaye suka watse. Mutanen garin, Musulminsu da Kiristansu, suka kwashe ranin bana cur suna tare bakin kwazazzabon da buhunan yashi da itace da ƙasa. Ruwan farko ya sauka, ya taru, ya zauna. Abin da ya rage kawai a dasa ciyawar jema a jikin madatsar, don saiwarta ta riƙe ƙasa. Aikin da aka kira mu ke nan.

Muka tashi ranar Asabar da hantsi, da shebur da diga da manjagara, da buhun garin kwaki na guzuri, don Ciyaman ya ce ɗan sa kai ba ya zama kaya a kan mai masauki. Mota ba ta ba mu wahala ba, albarkacin Isiya, ɗan ƙungiyarmu ne kuma ɗan kamasho a tasha. Isiya yana da wani fito da yake kiran fasinja da shi, in ya saka yatsu biyu a baki har akuyar da ke tsallaken titi sai ta waiwayo. Ya samo mana bas, direba ya dubi Ciyaman sama da ƙasa ya ce kujerar gaba duka tasa ce, ba don girmamawa ba. Ni aka cusa ni a baya kusa da wata dattijuwa mai kwandon zabi. Duk ramin da muka faɗa sai ƙotar diga ta zungure ni a haƙarƙari, zabin su amsa. Dattijuwar ta tambaye ni wa ya rasu. Na ce ba kowa. Ta sake duban kayan aikinmu ta ce, "Allah ya jiƙan sa dai."

A Nasko mota ta ƙare, sai babur. Nan aka yi abin kallo. Ciyaman na hawa, tayar gaba ta ɗaga sama kamar dokin da aka ja wa linzami. Ɗan acaɓan ya sauka, ya zagaya babur ɗin yana nazari, sannan ya ɗauko buhun garinmu ya ɗaure a kan tanki. Babur ya daidaita. Haka suka yi gaba, gari a gaba Ciyaman a baya, shi kuma ɗan acaɓan a tsakiya ba a ganin komai nasa sai hula.

Kafin a shiga Tungan Zalɓe akwai shingen 'yan banga. Suka ga baƙi da diga da shebur, suka ce mu sauka. Babbansu ya ce, "Zinariya kuka zo haƙa?" Muka rantse. Ya ce kowa ma haka yake rantsuwa. Sai Ciyaman ya zaro waya ya fara nuna masa hotunan ayyukanmu: kwata kafin yasa, kwata bayan yasa, kwatar bakin kasuwa, kwatar bayan masallaci, Ciyaman a cikin kwata yana murmushi. Mutumin ya yi ta ture hoto da yatsa yana neman ko na iyali guda ɗaya, bai samu ba. Ya miƙa wayar a hankali ya ce wa yaransa, "Ku ɗaga musu. Ɓarawo ba ya ajiye irin wannan."

An sauke mu a gidan su Malama Rifkatu, a ɗakin da suke ajiye masara. An share shi tas, an shimfiɗa tabarmi, an ajiye mana butoci, har ƙaninta ya ja layi a ƙasa ya nuna mana gabas. Suka kamo kaza suka ba ni wuƙa in yanka da hannuna. Wannan karamci ya shiga raina, kuma yana cikin abin da ya sa kunyar gobe ta fi ciwo. Tuwon dawa aka kawo da miyar karkashi, malmala ɗaya ta kai kan yaro. Mu da muka saba da tuwon shinkafa mai laushi muka ci rabi muka jingina da bango muna nishi.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne matan garin ba sa ɗaukar kaya a ka. A kafaɗa suke ɗorawa, tulu ne ko itace, su yi ta tafiya suna hira. Isiya ya ce ai wannan ba komai ba ne, ya karɓi tulun wata yarinya ya ɗora. Bai kai ƙofar gida ba ruwan ya bi ta wuyan rigarsa ya fita ta ƙafar wando. Matan suka yi ta dariya da yarensu, mu ma muka taya su ba mu san me aka ce ba.

Da la'asar aka kai mu gaida mahaifinta, Baba Yohanna. Tsoho ne sosai, yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu, amma kunnensa garau. Yana jin takunmu ya ce, "Sannunku da zuwa, 'yan birni. Akwai mai nauyi a cikinku." Hausarsa tana da ɗan karkata irin ta mutanen can, amma zancensa a miƙe yake. Ya ce da shi da matarsa Saratu shinkafa suke nomawa a gefen fadamar. A lokacin zalɓe da dinya da balbela sun cika wurin, amma nasa su ne agwagin dajin nan masu fito, kirinjijiya. Su ke tashinsu da asuba, su ke sallamarsu da yamma. Shekarar da Saratu ta rasu ruwan ya lalace, suka tafi, ba su sake dawowa ba.

"Ido ya riga ya tafi, ban nemi ganinsu ba," in ji shi. "In ji su dai sau ɗaya. Ban san ko ina da wata damina bayan wannan ba."

Shi ya sa kullum ake kai shi gindin wata ɗorawa a bakin fadamar, ya zauna yana saurare. Malama Rifkatu ta gyara zama za ta faɗa mana aikin gobe, sai Ciyaman ya miƙe ya fara jawabi. Ya yi alkawari, ya buga ƙirji, ya ba da tarihin ƙungiya tun daga shebur na farko. Kafin ya gama an kira magariba. Abin da ta samu faɗa kawai shi ne, gobe Lahadi za su je coci, Malam Usman abokin aikinta kuma zai tafi da samarin Musulmi su tono jema a wani rafi, mu huta sai sun dawo.

Hutu ba ya cikin tsarinmu. Muna idar da sallar asuba Ciyaman ya ce, "Tuwo muka zo ci? Ku ɗauki kaya. Kafin su fito coci su tarar an gama."

Muka gangara fadama. Ruwa ne shimfiɗe, shiru, ko motsi ba ya yi, ga ciyawa ta fara tsirowa a gefe. Ciyaman ya riƙe baki. "Inna lillahi! Dubi yadda aka bar ruwa ya kwanta. Wane tsuntsu ne zai zo nan sauro ya cinye shi?" Muka bi gefe muna neman inda ya toshe, don dokar aikinmu ke nan, ruwa ba ya tsayawa banza. Can gindi muka same shi: buhuna a jere, itace a gicciye, ƙasa an daddaɓe. Abin nema ya samu.

"Kun gani ko?" in ji Ciyaman. "Halin mutane ɗaya ne ko'ina. Wani mugu ya tare hanyar ruwa don kada ya bi ta gonarsa. Irin na Alhaji Mai Kanti na layinmu."

Na ɗan ce, "Ciyaman, toshewar nan fa kamar da tsari aka yi ta." Ya ce ai mugunta ma da tsari ake yin ta. Ban ƙara ba, don ni ma hannuna ƙaiƙayi yake yi.

Ba yabon kai ba, mun iya aiki. Abin da gari guda ya kwashe rani yana ginawa, kafin rana ta yi zafi mun yanka masa ƙofa a tsakiya. Ruwa ya leƙo, ya gwada, sannan ya ɓalle da gudu yana ruri cikin kwazazzabo. Muka yi kabbara. Isiya ya yi fito. Aka ɗauki hotuna, Ciyaman ya tura wa 'yan unguwa nan take. Sannan muka jeru a kan madatsar, kowa ya dogara shebur ɗinsa, muna jiran godiya.

Sai ga mutanen garin sun taso daga coci cikin kayan ado, Baba Yohanna a gaba riƙe da hannun 'yarsa, za a kai shi gindin ɗorawa. Tun daga nesa ya ja ya tsaya, ya karkata kai.

"Rifkatu, me nake ji yana gudu?"

Ta saki hannunsa ta zo da gudu, ɗankwali a hannu. Ta dubi ƙofar da muka yanka, ta dubi shebur ɗinmu. Ciyaman ya yi gyaran murya ya ce, "Malama, ba sai kin gode ba."

Ihun da ta yi har yau yana kunnena. Nan take gari ya ruɗe. Maza da manyan riguna, mata da sababbin atamfofi, kowa ya faɗa cikin laka. Su Malam Usman da suka iso da damman jema suka watsar suka shigo. Wani dattijo ya kama ni da kafaɗa yana girgizawa, "Rani guda! Rani guda muna tara ruwan nan!" A lokacin ne kaina ya waye. Gyaran gangar Auzinawa muka yi. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar ma ruwa na tafiya da ita.

Duk buhun da aka jefa sai ruwa ya yi gaba da shi. Ƙofar sai ƙara faɗi take. Ciyaman yana tsaye, hularsa a hannu, fuskarsa ta yi fari. Can sai ya tuɓe babbar riga ya miƙa mini, ya ce bisimilla, ya sauka cikin ƙofar, ya juya wa ruwa baya, ya zauna daɓas.

Jama'a, ruwa ya tsaya. Ba duka ba, amma ya tsaya. Ƙofar kamar an auna ta da shi.

"Ku gina!" ya daka tsawa, ruwa na dukan ƙeyarsa. "Ku gina a bayana, kada ku tausaya mini!"

Aka shiga jera buhuna. Mata suna kawo laka a kwanuka, a kafaɗa, da saurin da ya sa na daina mamakin al'adar. Saura wani rami ta ƙarƙashin hammatarsa da ya ƙi toshuwa, buhuna kuma sun ƙare. Isiya ya ruga masauki ya ciccibo buhun garin kwakinmu ya danna a wurin. Kun san halin gari in ya ji ruwa. Ya sha, ya kumbura, ya cika ramin tam. Wannan shi ne karo na biyu da buhun nan ya daidaita Ciyaman.

Sai bayan azahar aka gama sabon bango a bayansa, aka zaro shi da igiya kamar saniya ta faɗa rijiya. Ba kada ba ne, matsattsaku ne suka manne masa a inda ba zan rubuta ba, shi ya sa kuka ga yana zama a karkace. Ruwan kuwa rabi ya tafi. Inda da safe yake shimfiɗe, yanzu laka ce da ƙananan kifaye suna tsalle.

Babu wanda ya zage mu, kuma da sun zage mu da ya fi sauƙi. Da yamma aka kawo tuwo kamar jiya, har da nama. Muka kasa ci. Malama Rifkatu ta gaishe mu a taƙaice ta wuce. Baba Yohanna bai ce a kai shi gindin ɗorawa ba, ya zauna a zaure ya juya fuska bango. Muka fasa komawa gida, muka zauna muka dasa jema kwana da kwanaki, kuma duk inda za mu sa shebur sai mun tambaya. Ciyaman da kansa yake cewa, "Malama, nan ɗin a taɓa ko a bari?"

Ana gobe za mu tafi Isiya ya zo da shawara. Ya ce tun da tsohon ba ya gani, shi kuma Allah ya ba shi fito, me zai hana? Ya sa yaran gari sun kwaikwaya masa kukan kirinjijiya, ya ce ya riƙe. Na ce wannan yaudara ce. Ciyaman ya ce taimako ne. Muka roƙi Malama Rifkatu ta kawo Baba da sassafe mu yi masa sallama a bakin ruwa, ba mu faɗa mata sauran ba.

Gari na wayewa Isiya ya shige cikin ciyawa, ruwa iya wuya. Aka zaunar da Baba. Muka kasa kunne. Sai fito ya tashi, siriri, sau uku. Na farko ya yi kama. Na biyu ma ba laifi. A na uku hali ya rinjayi koyo, ya ja ƙarshensa sama yadda yake yi in mota saura mutum ɗaya.

Baba Yohanna ya karkata kai ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Rifkatu."

"Na'am, Baba."

"Wannan kirinjijiyar a tasha ta girma. Fasinjan Rijau take nema."

Sai ya fashe da dariya. Ya yi ta yi yana dukan cinya, har tari ya sarƙe shi, hawaye na bin kumatunsa. Malama Rifkatu ta so ta daure, ta kasa. Isiya ya fito daga ciyawa da gansakuka a ka, yana cire matsattsaku. Da tsohon ya lafa ya miƙo hannu, Ciyaman ya durƙusa ya kama.

"Alhaji, an ce da jikinka ka tare ruwan."

"Ni na sake shi, Baba. Ka yafe mana."

"Na yafe. Amma ku ji, 'ya'yana. Ba a kiran su. Ruwa ake bari ya zauna, mutum ma ya zauna. In da rabo za su zo." Ya share ido da bakin riga. "In babu, to na yi dariya a wurin nan. Rabona da haka tun Saratu na da rai."

Muka kamo hanyar dawowa. Babur ɗin Ciyaman ma sai da aka nemo dutse aka ɗaura a gaba, tun da garin kwakin ya zama madatsa. Na dawo, amma hankalina yana can. Duk ruwan da aka yi a Kontagora sai in tsaya ƙofar shago ina addu'a ya kai can, ina lissafin rabin da muka zubar, ina tsoron kada a bugo a ce tsohon ya riga tsuntsayen tafiya.

Asabar ɗin da ta wuce, muna cikin kwatar bakin kasuwa da sassafe, wayata ta yi ƙara. Na ga sunan Malama Rifkatu ne. Na goge hannu a riga na ɗauka.

"Malam Sabo, kuna tare da su Alhaji? Buɗe muryar kowa ya ji. Baba ne ya ce a kira ku."

Na buɗe. Da farko iska kawai. Sai fito, siriri, sau uku. Wani ya amsa, wani ya amsa, can sai abin ya haɗe gaba ɗaya, ba a iya ƙirgawa, da ƙarar fukafukai da fantsamar ruwa. Muka tsaya cirko-cirko cikin kwata, shebur a hannu, masu wucewa na kallonmu. Ciyaman ya cire hula ya rufe fuska da ita, yana ɓoye hawayensa. Ni kam ban ɓoye nawa ba.

Isiya ya kasa haƙuri. Ya matso bakin waya, ya saka yatsu biyu a baki zai amsa musu. Ko numfashin da ya ja tsohon ya ji, oho. Sai ga muryarsa, ƙasa-ƙasa:

"Alhaji, don Allah ku toshe wa ɗan tashan nan baki. Kada ya kore mini su."